Yadda ake haɗa murhun lantarki da obin a kicin bisa ƙa'ida

Murhun lantarki mai kai huɗu, irin na gilashin nan da ake binnewa a cikin kantar kicin, yana iya jan wutar da ta fi ta sauran kayan gida in an haɗa su gaba ɗaya. Yawancinsu za ka ga an rubuta wat 6,000 zuwa 7,400. Fanka ba ta kai wat 100 ba, firjin gida bai cika wuce 200 ba, na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi kuwa tana wajen 1,200. Amma sai ka shiga sabon gida, an kashe kuɗi a tayil da kabad da dutsen kanta, ka leƙa ƙasa ka tarar an jona murhun a layin soket ɗin da aka ja domin firji da injin markaɗe. Ka yi magana, mai aikin ya ce, "Ai Alhaji ta kawo, ga ta nan tana ci." Ta kawo ɗin, amma kawowa ba ta nuna komai. Siririyar waya ma tana kunna murhu, illa dai tana dahuwa a cikin bango a lokacin da tuwo yake dahuwa a sama.

Ɗaura waya a jikin murhu aikin 'yan mintuna ne. Ainihin aikin yana bayan filasta: kaurin waya, wayar ƙasa wato atin, na'urar da za ta yanke wuta idan ta zubo a jikin ƙarfe, da awon da za a yi kafin a kunna. A kansu zan fi daɗewa.

Wannan aiki ne na ƙwararren mai wayarin. Na rubuta shi domin matashin da ke koyon sana'ar a ƙarƙashin ubangidansa, da maigida ko uwargida da ke son sanin abin da za su tambaya da abin da za su ƙi karɓa. A Najeriya hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da haɗa ta, waɗanda ake kira NESIS, a 2015, kuma hukumar NEMSA ce ke duba aikin wuta da ba masu aikin takardar shaida. Ka nemi ganin wannan takarda, ba rashin kunya ba ne. Tsarin wayarin ɗinmu daga Ingila muka gaje shi, bolt 230, fulogi mai ƙafa uku masu kusurwa, don haka alƙaluman da ke ƙasa daga ƙa'idarsu ta BS 7671 suke. Wanda ke zaune a Ingila ɗin ya sani cewa tun 2005 jan sabon layi a gida aiki ne da sai ma'aikaci mai rajista ya yi, ko a sanar da ofishin kula da gine-gine na ƙaramar hukuma.

Mataki na farko: karanta jikin kayan

Kowane murhu da obin yana da 'yar takarda manne a ƙasa, a baya, ko a gefen ƙofa, mai ɗauke da jimillar wat. Raba wannan adadi da 230, ka sami yawan wutar da zai ja, wanda ake aunawa da amfiya ana rubuta shi da A. Murhu mai wat 7,200 zai ja kusan 31A idan an buɗe kawunansa duka. Obin mai wat 2,800 zai ja 12A da ɗoriya. Idan ka haɗa su, wat 10,000 ke nan, wato 43.5A.

Ƙa'idar Ingila ba ta ce a ja layin da zai ɗauki wannan duka ba, domin kawunan murhu suna kamawa suna saki, kuma ba kasafai ake kunna komai a lokaci guda ba. Lissafinsu shi ne: ɗauki 10A na farko cikakke, ka ƙara kashi 30 cikin ɗari na ragowar, sannan ka ƙara 5A idan makunnin yana da soket a jikinsa. A misalinmu, ragowar 33.5A ce, kashi 30 nata 10A ne, jimilla 20A, da soket 25A. Saboda haka suka yarda bireka 32A guda ɗaya, wato na'urar da ke yanke wuta da kanta idan nauyi ya yi yawa, ta ɗauki murhu da obin tare, har zuwa kilowat 15.

Lissafin daidai yake, amma an gina shi ne a kan girkin gidan mutum uku ko huɗu. A gidajenmu ranar Sallah, ko suna, ko watan azumi bayan la'asar, kawuna huɗun nan duka a buɗe suke, manyan tukwane a kai, ga wake, ga ganda da ba ta nuna da wuri, ga mai yana tafasa, obin kuma cike da kaji. Ga shi masu ƙera murhun indakshan, wato mai zafafa tukunya da maganaɗisu, mai wat 7,000 da wani abu, sukan rubuta a littafinsa cewa shi kaɗai a ba shi 32A. Shawarata, matuƙar gini bai ƙare ba ko akwai hanyar jan waya, a raba su: murhu da layinsa na 32A, obin da nasa na 16A ko 20A. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka saba da tsarin Faransa ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin ƙa'idar NF C 15-100 haka ta tsara: 32A da waya 6mm (wato mm², ma'aunin kaurin jan ƙarfen da ke ciki) ga murhu, 20A da waya 2.5mm ga obin, kowanne da layinsa. A wannan wuri na fi gamsuwa da Faransawa.

Mataki na biyu: gidan zai iya ɗauka?

Je wurin mita ka karanta fuskarta. Mitar layi ɗaya takan nuna iyakarta, galibi 60A ko 80A. Duba fis ɗin katawut, duba kaurin wayar da ta sauko daga falwaya da wadda ta tashi daga mita zuwa akwatin rarraba wuta, wato dibi. Idan gidan yana da na'urorin sanyaya ɗaki uku da hita biyu da famfon rijiyar burtsatse, ƙarin 31A ba wasa ba ne. Wani lokaci amsar gaskiya ita ce a nemi layi uku daga kamfanin rarraba wuta, ko a sayi murhun da ake iya rage masa iyakar abin da zai ja. Yawancin na indakshan na zamani suna da wannan saiti, a mayar da shi 16A ko 20A, ya riƙa raba ƙarfin tsakanin kawunansa.

Sai batun inbata da janareta. Inbata mai 3.5kVA ko 5kVA ba za ta ɗauki murhun nan ba, ƙaramin janareta balle. Layin murhu da na obin su tsaya a ɓangaren dibin da wutar kamfani kaɗai ke ciyarwa, kada su shiga ɓangaren da ke kan batir. Gidan da ke da babban janareta ne kawai zai bi da su ta canjoba, shi ma a tabbata canjobar da wayoyinta sun kai nauyin.

A unguwar da wuta ke zuwa ba ƙarfi, ko take dawowa da hauka bayan an ɗauke, murhun indakshan yana buƙatar kariya, domin cikinsa allon lantarki ne. Akwai na'urar da ke yanke wuta idan ta yi sama ko ƙasa fiye da kima, ta kuma jinkirta kafin ta sake ta. A sa mai ɗaukar nauyin layin.

Mataki na uku: kaurin waya, da zafin ƙasarmu

Nan ne aka fi yin kuskure, har da masu aikin kirki. Teburin da ke nuna abin da waya za ta ɗauka an yi shi ne a kan zafin digiri 30. A wannan ma'auni, wayoyi ɗai-ɗai masu rigar roba a cikin fayif suna ɗaukar 24A idan 2.5mm ce, 32A idan 4mm, 41A idan 6mm, 57A idan 10mm. Mai aiki ya ga 4mm tana ɗaukar 32A, sai ya ce shi ke nan ta yi.

Ba ta yi ba. A Sakkwato, Maiduguri, Kano ko Zinder, watan Afrilu da Mayu zafin inuwa ma yana wuce 40. Ƙa'idar ta ce a digiri 40 a ninka adadin da 0.87, a 45 da 0.79, a 50 da 0.71. Ka ga 4mm ta koma ƙasa da 28A, alhali birekar da ke gadinta ba za ta motsa ba sai an wuce 32A. Wayar za ta riƙa yin zafi fiye da kima birekar tana zaune lafiya. Ita 6mm a digiri 40 tana da kusan 36A, ta wadatar. Amma bi da ita ta cikin silin, ƙarƙashin kwano da tsakar rana inda zafi ke kai 50, sai ta sauko 29A. Ita ma ta gaza.

Akwai ragi na biyu. Idan layi biyu suka bi fayif ɗaya, kowanne yana ɗumama ɗan'uwansa, sai a sake ninkawa da 0.8. Wato 6mm a digiri 40 tare da layin obin a fayif guda ta koma 28.5A. Don haka ko dai kowane layi da fayif ɗinsa a cikin bango ko daɓe, ko kuma a hau zuwa 10mm idan ba makawa sai an bi ta silin ko an haɗa su. Bambancin kuɗin 6mm da 10mm a tsawon mita ashirin bai kai kuɗin ƙofar kabad biyu ba, kuma ita waya sau ɗaya ake binne ta.

Tsawo ma yana da nasa lissafi. Waya 6mm tana zubar da milibolt 7.3 a kowace mita ga kowane 1A. A 32A da tsawon mita 25, an yi asarar kusan bolt 6. Iyakar da aka yarda kashi 5 cikin ɗari ce, wato bolt 11.5, wadda za a kai a wajen mita 49. Kicin ɗin da ke can ƙarshen gida, ko a wani gini daban a tsakar gida, ya fi dacewa da 10mm tun farko, musamman inda wutar da ke shigowa dama ba ta cika 230 ba.

Wajen saye kuwa, araha ba ta ado. Kasuwa cike take da waya mai rubutun 6mm da cikinta bai kai ba, da wadda alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. Ka ce a yanko maka ɗan guntu. Waya 6mm ta gaske silili bakwai ce, kowane silili milimita 1.04, ta 10mm silili bakwai masu 1.35, ta 4mm bakwai masu 0.85. Kankare silili ɗaya da wuƙa: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, ajiye musu kayansu. Ɗaga naɗin ka ji nauyi, jabu ba ta da nauyi a hannu. Nemi sunan kamfani da alamar hukumar SON a jikin rigar, ka karɓi rasit. Wayoyin da ake yi a nan gida sun yi suna wajen inganci, shi ya sa ma ake buga sunayensu a jikin jabu, don haka sayi a wurin dila sananne.

Mataki na huɗu: wayar ƙasa da na'urar ceton rai

Jikin obin ƙarfe ne, gindin murhu ma haka. Ranar da rigar wata waya ta narke a ciki, ko ƙarfen zafi ya fashe, wuta za ta hau jikin. Mai girki kuwa hannunta a jiƙe, wataƙila ba takalmi, a kan tayil mai danshi. Abu biyu ne ke tsakaninta da mutuwa: wayar ƙasa, da na'urar da za ta yanke wuta nan take.

A yawancin gidajenmu kamfanin wuta layif da nutural kawai yake kawowa, wato wayar da ke ɗauke da wuta da wadda take komawa ta ita. Atin kuwa kowane gida da sandarsa da ya kafa a ƙasa. To ga lissafin da ya kamata kowane mai wayarin ya haddace. A ce sandar gidan tana da om 50 (om ma'auni ne na yadda abu ke tare wa wuta hanya), wanda ba abin mamaki ba ne a ƙasa mai yashi da rani. Idan layif ya taɓa jikin obin, wutar da za ta bi ta ƙasa ita ce 230 a raba da 50, wato 4.6A. Bireka mai rubutun B32 tana buƙatar 160A kafin ta faɗi nan take, mai C32 kuwa 320A. Wutar 4.6A ba za ta ko girgiza ta ba. Jikin obin zai zauna da wuta har sai wani ya taɓa, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na 1A ba, idan ya ratsa ƙirji, yana iya tsayar da zuciya.

Saboda haka bireka tana kare waya ne daga gobara, ba ta kare mutum. Mai kare mutum ita ce RCD, wadda masu shago suka fi sani da ELCB. Tana auna abin da ya fita ta layif da abin da ya dawo ta nutural, da zarar ta ga gibi sai ta yanke. A jikinta akwai lamba biyu. Ɗaya, kamar 40A ko 63A, nauyin da za ta iya ɗauka ne. Ɗayar ita ce ta rai: dole ta zama 30mA, wato kashi 30 cikin dubu na 1A. Za ka tarar da masu 100mA da 300mA, kuma wasu masu aiki sun fi son su domin ba sa yawan faɗuwa su jawo a kira su. Waɗannan suna da amfaninsu wajen rage haɗarin gobara, amma ba a yi su domin ceton wanda ya taɓa ba. Idan murhun indakshan ne, a nemi nau'in A, domin irin zubar wutar da allon lantarki ke yi tana iya rikita tsohon nau'in AC. Gyaran da aka yi wa ƙa'idar Ingila a 2022 ya taƙaita amfani da nau'in AC ƙwarai. Mafi kyau shi ne RCBO, wadda ta haɗa bireka da RCD a jiki ɗaya, ta yadda matsalar kicin ba za ta jefa gida duka cikin duhu ba.

Ita sandar, a kafa ta inda ƙasa ke riƙe laima, a sa mata maɗauri na gaske ba a naɗe waya da hannu ba, a bar mata ɗan rami mai murfi don a riƙa dubawa. Gishiri da gawayin da aka saba zubawa suna rage om ɗin da farko, amma gishiri yana cin ƙarfe, ruwan sama kuma yana wanke shi. Ƙara sanda ta biyu nesa da ta farko, ko zurfafa ta, ya fi ɗorewa. A auna ta da rani, lokacin da ta fi rauni. Ƙa'idar ta yi gargaɗi cewa abin da ya wuce om 200 ba abin dogaro ba ne, mai aikin da ya san ciwon kansa kuwa ƙasa da haka sosai yake nema. Koriyar waya, wato wayar ƙasa da za ta raka layin murhu daga dibi, ta zama kaurinsu ɗaya da layif: 6mm da 6mm.

Mataki na biyar: inda za a sa makunni

Murhu yana buƙatar makunni mai 45A mai yanke layif da nutural tare, wanda ake kira kuka yunit. Ya kasance a fili, bai fi nisan mita biyu daga murhun ba, kuma ba a saman murhun ba. Dalili a bayyane yake: ranar da mai ya kama da wuta, ba za a miƙa hannu ta cikin harshen wuta a kashe ba. A matsar da shi gefe kamar santimita 30 daga bakin murhun, haka kuma daga wurin wanke-wanke. Kada a ɓoye shi a bayan obin ko can ƙuryar kabad saboda ado. Na fi son wanda ba shi da soket a jiki, don kada igiyar butar lantarki ta riƙa ratsa gefen wuta.

Daga makunnin, waya mai kauri ɗaya za ta sauka a miƙe zuwa akwatin jona murhu a ƙasan kanta. Fayif ya tafi a miƙe, sama da ƙasa ko a kwance daga makunni, ban da karkace, domin kafinta zai zo ya huda bango ya rataye kabad, kuma inda ya ga makunni ne kawai zai yi zaton akwai waya. A yi amfani da akwatin bango mai zurfi, 47mm, don waya 6mm ko 10mm ba ta lanƙwasuwa a ƙaramin wuri. Idan akwai tukunyar gas a kicin ɗin, tiyonta kada ya bi ta kusa da akwatin jonin ko bayan obin.

Obin da bai kai wat 3,000 ba yana iya zama a fulogi mai fis 13A, a soket mai kyau a layinsa, a kabad ɗin gefe inda hannu ke kaiwa. Wanda ya wuce haka, kamar masu wanke kansu da tsananin zafi, sai makunni 20A mai yanke waya biyu da bireka daidai da abin da littafinsa ya ce. Idan dole ta sa an haɗa su a layin 32A guda, a yi amfani da akwatin joni mai mafita biyu, kuma idan littafin obin ya ce a kare shi da 13A, a sa masa akwatin fis a tsakani. Siririyar igiyarsa ba za ta jure abin da bireka 32A za ta bari ya wuce ba.

Mataki na shida: kashe wuta

"An ɗauke wuta, bari mu yi sauri kafin a kawo" ya kashe masu aiki. A gidan yau wuta tana da ƙofa uku: kamfani, janareta, inbata. Kashe babban makunni, mayar da canjoba tsakiya, kashe inbata, ka sa kwaɗo ko ka cire fis ka sa a aljihunka, ka kuma gaya wa mutanen gida da bakinka. Sannan ka gwada na'urar awonka mai tsinke biyu a wurin da ka san akwai wuta, ka auna layin tsakanin layif da nutural, layif da ƙasa, nutural da ƙasa, ka sake gwada na'urar. Testa mai ɗan ƙwai ba shaida ba ce, a hasken rana ma ba a ganin ta.

Mataki na bakwai: ɗaurin kansa

Launi biyu ke yawo a kasuwa. A tsohon tsari ja ne layif, baƙi nutural. A sabon tsari ruwan ƙasa ne layif, shuɗi nutural. Kore da rawaya na ƙasa ne a duka biyun. Wayar bangonka wataƙila ja da baƙi ce, igiyar murhu kuwa sabon launi, to a kula: a igiyar murhu baƙar waya layif ce, ba nutural ba.

A makunni, wayar da ta fito daga dibi tana shiga ɓangaren shigowa, mai tafiya murhu tana fita ta ɓangaren kaya; an rubuta a bayansa. Akwatin bangon in na ƙarfe ne, shi ma a ba shi 'yar koriyar waya.

Shimfiɗa bargo ko kwalin da murhun ya zo a ciki, ka kifa shi a hankali. Buɗe ɗan murfin da ke ƙasa, za ka ga sukurori biyar ko shida, masu alamar L1, L2, N1, N2 da ta ƙasa, ko lambobi, da zane a gefensu. An yi murhun ne don ya yi aiki a layi ɗaya ko biyu ko uku, kuma abin da ke bambancewa 'yan gadojin jan ƙarfe ne masu siffar U, waɗanda wani lokaci suke maƙale a cikin akwatin, wani lokaci a leda tare da littafi, inda yara ko masu kwashe shara kan yi gaba da su. A layi ɗaya na 230, gada tana haɗa L1 da L2, wata tana haɗa N1 da N2. Ka manta ta farko, rabin murhun ba zai kama ba. A layi biyu kuwa dole a cire gadar da ke tsakanin L1 da L2, in ba haka ba ka haɗa bolt 400 kai da kai. Wasu murhunan suna zuwa da igiya mai waya biyar a ɗaure, inda a layi ɗaya ake haɗa ruwan ƙasa da baƙi wuri guda, shuɗi da ruwan toka wuri guda, amma a wani kamfanin ruwan toka layi na uku ne. Zanen da ke jikin naka shi ne alƙali, ba launi ba, ba kuma yadda ka yi a gidan jiya ba.

Igiyar da za ta tashi daga akwatin joni zuwa murhu ta zama mai laushi mai jure zafi, irin wadda littafin ya ambata, galibi H05V2V2-F ko H07RN-F, da kaurin da ya ce. Feƙe riga daidai tsawon da ramin zai haɗiye, kada jan ƙarfe ya leƙo waje, kada kuma sukuru ya danne roba. Kada a yanke ko silili ɗaya don waya ta shiga rami. A bakin waya mai laushi a matse hular ƙarfe, don sukuru kada ya watsa sililin. Bar koriyar ta fi sauran tsawo kaɗan, yadda ko an fizgi igiyar ita ce ta ƙarshen ficewa. Maɗaurin igiya ya kama rigar waje. Ɗaure kowane sukuru tamau, har da waɗanda gada kawai suka riƙe, ka ja kowace waya ka ji, bayan 'yan mintuna ka sake bi, domin jan ƙarfe yana kwanciya. Bar igiya da saura yadda za a iya jawo obin waje ba tare da an tsinka komai ba, amma kada ta kwanta a bayansa ko samansa inda zafi yake. Murhun indakshan yana da fanka a ƙasa, a bar masa tazarar iska da littafin ya nuna.

Mataki na takwas: awo kafin kunnawa

Wutar tana kashe tukuna. A dibi, haɗa layif ɗin layin da koriyarsa na ɗan lokaci, ka auna a ɗaya ƙarshen. Waya 6mm tana da kusan miliom 3 a mita, don haka mita 25 zuwa da dawowa ya kamata ta nuna wajen om 0.15. Ka ga abin da ya ninka haka, ko dai akwai sako-sakon ɗauri ko wayar ba ta gaske ba ce. Cire haɗin da ka yi. Sannan ka auna daga jikin ƙarfen obin da na murhu zuwa wurin koriya a dibi, ka tabbata hanyar ba ta yanke ba.

Awon rigar waya ana yin sa da na'urar da ake kira mega a bolt 500, kuma mafi ƙarancin abin karɓa megaom 1 ne, ko da yake sabon layi ya kamata ya nuna ɗaruruwa. Cire murhu da obin daga layin kafin wannan awo, in ba haka ba za ka ƙona allonsu. Tabbatar bireka tana kan layif, ba nutural ba. Auna sandar ƙasa. Bayan an saki wuta, a gwada RCD da na'urar gwajinta: a 30mA ta faɗi cikin milisakan 300. Maɓallin da ke jikinta yana nuna cewa injinta na motsi ne kawai, bai san ko gidan yana da atin ba. Duk da haka a nuna wa uwargida shi, ta riƙa dannawa duk wata shida.

Daga nan a ɗora tukwane da ruwa a kawuna duka, a kunna obin, a maƙala na'urar awo mai baki a layif a ga abin da ake ja, a auna bolt a makunni. Bayan rabin awa a taɓa fuskar makunnin da ta bireka. Ɗan ɗumi ba komai, zafin da zai sa ka janye hannu kuwa alamar sako-sakon ɗauri ne. Sabon obin yakan yi hayaƙi da wari a kunnawar farko, a bar shi ya ci babu komai a ciki, taga a buɗe. A rubuta sunan kowace bireka a dibi, mai aiki kuma ya rubuta sakamakon awonsa a takarda ya sa hannu ya bar wa maigida.

Obin da ya daɗe a ajiye, ko na hannu da ya sha zaman kwantena, yakan kayar da RCD da zarar ya fara zafi, saboda garin da ke cikin ƙarfen zafinsa ya sha laima. A nan ne za ka ji an ce, "Hajiya, ELCB ɗin nan ce ke da matsala, bari a tsallake ta," ko a lallaɓa a zare koriyar waya, komai ya zauna lafiya. Kada a yarda ko na kwana ɗaya. Na'urar ta faɗi ne don wuta tana zuba a jikin ƙarfe, cire ta kuma bai hana zubar ba. A auna ƙarafan zafin ɗaya bayan ɗaya da mega, wanda ya gaza a canja shi.

Bayan an fara amfani, abin da za a sa wa ido shi ne makunnin. Idan fuskarsa ta fara yin rawaya ko ruwan ƙasa, ko ana jin ƙara siririya a ciki, ko wani ƙarni kamar na kifi yana tashi a kicin ba a dafa kifi ba, robar ciki ce ke ƙonewa. A kashe daga dibi a kira mai aiki. Sake ɗaure sukuru bai isa ba a wannan hali: a canja makunnin, a yanke bakin wayar da ya yi baƙi har sai an kai jan ƙarfe mai sheƙi, in tsawon bai isa ba a ja sabuwa daga dibi maimakon a yi mata ƙari a cikin bango.